Iskar Tayar AT a Motar A-kori-kura: Lambar Ƙofa, Lambar Gefen Taya, ko Lissafin Nauyi?

Duk wanda ya cire tayoyin da motarsa ta a-kori-kura ta zo da su daga kamfani, ya ɗaura mata masu manyan haƙora da ake rubuta wa AT a gefe, wato waɗanda aka ƙera domin su yi tafiya a kwalta kuma su shiga burji da yashi da laka, tambayar farko da ke jiransa ita ce yawan iskar da zai sa musu. Amsoshi uku yake samu, kuma sau da yawa ba su yi daidai da juna ba. Akwai lambar da kamfanin motar ya rubuta a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, akwai wadda kamfanin tayar ya buga a gefen tayar, sannan akwai wadda ake samu idan aka auna nauyin da motar ke ɗauke da shi aka duba jadawalin masu ƙera taya. Tazarar da ke tsakaninsu tana iya kaiwa PSI 40 ko fiye (PSI ma'aunin matsin iska ne), domin takardar ƙofa na iya cewa 35 alhali gefen tayar yana ɗauke da 80. Wanda bai san abin da kowace lamba take nufi ba yakan zaɓi wadda ta fi girma, ko kuma ya raba tsakani, kuma duka biyun ƙiyasi ne kawai.

Kafin a shiga kwatanci, yana da kyau a daidaita ma'auni. Gejin iska yakan nuna PSI, ko bar, ko kPa. Bar 1 daidai yake da kPa 100, kuma ya kai kimanin PSI 14.5. Saboda haka PSI 35 ita ce bar 2.4, PSI 50 ta kusa bar 3.5, PSI 80 kuma bar 5.5. Duk lambobin da za a ambata nan gaba na taya mai sanyi ne, wato wadda motarta ta yi aƙalla awa 3 a ajiye, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba.

Lambar gefen taya ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Abin da take faɗa shi ne iyakar iskar da tayar za ta iya riƙewa tana sanyi, kuma a tayoyin ɗaukar kaya ita ce iskar da ake buƙata idan an ɗora wa tayar iyakar nauyin da aka rubuta kusa da ita. Kamfanin da ya ƙera tayar bai san motar da za a ɗaura wa ita ba. Taya ɗaya tana iya shiga ƙaramar a-kori-kura da ke yawo babu kaya, tana kuma iya shiga babba mai jan tirela, don haka abin da kamfanin zai iya faɗa kawai shi ne inda ƙarfinta ya tsaya. Idan aka cika ta zuwa wannan iyaka a mota marar nauyi, tsakiyar tayar yakan ɗan kumbura, sashen da ke taɓa ƙasa ya ragu, motar ta riƙa tsalle a kan kowane rami, kuma birki ya rasa wani ɓangare na kamunsa, musamman idan hanya ta jiƙe. Bayan 'yan watanni za a ga haƙoran tsakiya sun cinye alhali na gefe suna nan da sauransu. Taya mai tauri irin wannan kuma ta fi saurin yankewa idan ta hau dutse mai kaifi, domin ba ta lanƙwasawa ta rungume shi. A ganina, wurin da lambar gefe take da amfani ƙunci ne: lokacin da aka loda motar har kusan iyakar abin da tayar ke ɗauka, da kuma a matsayin shinge da ba a tsallakewa.

Lambar ƙofa ta fi ta tushe nesa ba kusa ba. Injiniyoyin da suka ƙera motar ne suka fitar da ita bayan sun duba nauyin ƙafafun gaba da na baya, da yadda motar ke shan kwana, da nisan da take yi kafin birki ya tsayar da ita, da kuma yawan man da take sha. A yawancin ƙanana da matsakaitan motocin a-kori-kura lambar takan faɗa tsakanin 30 da 36, a manya masu ɗaukar kaya sosai kuwa ta baya tana iya kaiwa 80. Wasu kamfanoni suna rubuta lambobi biyu, ɗaya ta mota babu kaya, ɗaya ta mota cike, kuma wannan ya fi taimaka wa direba. Idan tayar AT da aka saya girmanta ɗaya da wadda aka cire, kuma ajinta ɗaya, to magana ta ƙare: lambar ƙofa ce amsar, domin girman haƙora ba ya canza yawan iskar da ake buƙata. Sai dai takardar ƙofa tana da sharaɗin da mutane ba su cika karantawa ba. A jikinta an rubuta girma da nau'in tayar da lambar ta shafa, kuma da zarar an sauya nau'in, lambar ta daina zama hukunci, ta koma wurin fara lissafi.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani sosai, domin mafi yawan kuskuren da ake yi da tayoyin AT daga nan yake fitowa. Tayoyin da ake ɗaura wa a-kori-kura iri biyu ne. Akwai na ajin motocin fasinja, waɗanda girmansu ke farawa da harafin P ko kuma babu harafi gaba ɗaya, kamar P265/70R17. Akwai kuma na ajin ƙananan motocin ɗaukar kaya, waɗanda ke farawa da LT, kamar LT265/70R17. Faɗinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, rim ɗaya suke shiga, amma gininsu daban. Tayar P ta yau da kullum tana kaiwa iyakar ɗaukar nauyinta ne a PSI 35 ko 36, wadda aka ƙarfafa aka rubuta wa XL kuma a 41 ko 42, ko da kuwa an buga 44 ko 51 a gefenta a matsayin iyakar iska. Tayar LT kuwa ana rarraba ta da haruffa: a girman da aka saba gani, ajin C yana kaiwa iyakarsa a PSI 50, ajin D a 65, ajin E a 80. A tayoyi masu faɗi sosai waɗannan lambobin sukan sauka, ta yadda za a ga ajin E mai iyakar 65, shi ya sa karanta gefen tayar ya fi dogaro da harafin kaɗai.

Hankali yakan ba mutum cewa taya mai kauri da ƙarfi ba ta buƙatar iska da yawa, tunda jikinta ma zai taimaka wajen ɗaukar kaya. Gaskiyar lamarin akasin haka ce. Iskar da ke ciki ita ke ɗaukar nauyi, jikin tayar kuwa aikinsa shi ne riƙe iskar. Taya mai kauri idan tana lanƙwasawa tana miƙewa a kowane juyi ta fi siririya tara zafi, kuma ta fi ta jinkirin fitar da shi, saboda haka dole a rage mata lanƙwasar ta hanyar ƙara iska. Sakamakon shi ne, a girma ɗaya da nauyi ɗaya, tayar LT tana buƙatar iska fiye da tayar P.

Misali da lambobi zai fi fito da abin. Tayar P265/70R17 mai lambar nauyi 113, wato lambar da ake bugawa a gefen taya domin nuna iyakar nauyin da take ɗauka, tana ɗaukar kilo 1,150 a PSI 35. Amma ƙa'idar masu ƙera taya ta ce idan za a yi amfani da tayar P a motar ɗaukar kaya, sai a raba wannan adadi da 1.1, saboda irin waɗannan motoci sun fi tsayi kuma sun fi yawan aiki cikin lodi, sai ya koma kimanin kilo 1,045. Wannan shi ne nauyin da kamfanin motar ya tanadar wa kowace ƙafa lokacin da ya rubuta 35 a ƙofa. Yanzu a ce mai motar ya sauya zuwa LT265/70R17 ajin E, mai lambar nauyi 121, wadda ke ɗaukar kilo 1,450 a PSI 80. Idan ya bar ta a 35 kamar yadda ƙofa ta ce, abin da za ta iya ɗauka bai wuce kimanin kilo 860 ba, wato ya yi asarar kusan kilo 190 a kowace ƙafa, duk da cewa ya sayi taya mafi ƙarfi. Kafin ta dawo daidai da tsohuwar sai iskarta ta kai tsakanin 45 da 50, domin a PSI 50 ne take ɗaukar kilo 1,120. Ga shi nan a fili: 35 ta yi kaɗan, 80 ta yi yawa, amsar kuma ba a rubuce take a ƙofa ko a gefen taya ba.

Inda take shi ne jadawalin nauyi da iska, hanya ta uku ke nan. Ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idojin taya, irin su TRA a Amurka da ETRTO a Turai da JATMA a Japan, suna fitar da jadawalin da ke nuna nauyin da kowane girman taya ke ɗauka a kowane matakin iska, manyan kamfanonin taya kuma suna wallafa shi a shafukansu na intanet. Ana amfani da shi ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda aka yi a sama: a nemo nauyin da tsohuwar taya ke ɗauka a iskar ƙofa, sannan a nemo iskar da sabuwar ke buƙata domin ta ɗauki wannan nauyin. Ta biyu ta fi wahala amma ta fi dacewa da wanda motarsa ke aiki cikin lodi kullum, ita ce a hau sikelin auna motoci da kayan da aka saba ɗauka, a auna ƙafafun gaba daban, na baya daban. A ce ƙafafun baya sun ba da kilo 2,000. Kowace taya tana ɗauke da 1,000 ke nan, amma da yake kaya ba sa zama daidai a tsakiya, kuma gejin iska kansa yana iya kuskuren maki ɗaya ko biyu, hikima ce a ƙara kimanin kashi 10 cikin 100 a kai, ya zama 1,100. A tayar misalinmu wannan yana nufin PSI 50 a baya. Tayoyi biyu da ke layi ɗaya dole iskarsu ta zama ɗaya, kuma ana bin wadda ta fi ɗaukar nauyi ne.

Akwai iyakoki biyu da wannan lissafi ba ya tsallakewa. Na ɗaya, a kan kwalta ba a sauka ƙasa da lambar ƙofa ko da jadawali ya nuna cewa nauyin ya ba da dama, domin kamfanin motar ya duba abubuwan da suka wuce ɗaukar nauyi, kamar tsayuwar mota a kwana. Na biyu, ƙara iska ba ya ƙara wa motar ƙarfin ɗaukar kaya. A takardar ƙofa an rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya da na kowane layin ƙafa, kuma waɗannan sun dogara ne da sifirin da birki da shasi, waɗanda sauya taya bai taɓa su ba. Wani ƙaramin abu da ake mantawa shi ne bawul: irin na roba da ake turawa cikin rim a ƙananan motoci an yi shi ne domin iskar da ba ta wuce PSI 65 ba, don haka wanda zai kai 80 yana buƙatar bawul na babban matsi, kuma ya tabbatar rim ɗinsa ma yana jure wannan.

Idan aka kwatanta kuskuren biyu, wato yawan iska da ƙarancinta, ba su zo ɗaya ba wajen haɗari. Yawan iska yana cin kuɗi da jin daɗi: taya ta cinye a tsakiya, mota ta yi tauri, kamun hanya ya ragu. Ƙarancin iska kuwa a kan kwalta da gudu yana iya cin rai. Gefen taya yakan yi ta lanƙwasa sau ɗaruruwa a minti ɗaya, zafi ya taru a inda aka haɗa wayoyin ƙarfe da roba, har haɗin ya saki, haƙoran su ɓalle daga jikin tayar ana cikin gudu. Abin da ya sa ya fi muni shi ne ɓarnar tana faruwa a ciki inda ido ba ya gani, kuma ƙara iska daga baya ba ya gyara abin da ya riga ya saki. Tarihi yana da babban misali a kan wannan. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin taya na Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 a Amurka, samfurin ATX da ATX II da Wilderness AT, bayan haɗurran da suka shafi motar Ford Explorer, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai shi ne iska, domin Ford ya ba da shawarar PSI 26, Firestone kuma ya ce 30 ta fi dacewa. Wannan lamari ne ya haifar da dokar TREAD a shekarar, wadda ta kai ga wajabta na'urar sa ido kan iskar taya, wato TPMS, a sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar daga watan Satumba na 2007.

Ita wannan na'ura ma tana da nata tarkon ga wanda ya sauya taya. An tsara ta ne ta kunna fitila idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 daga lambar ƙofa, wato a motar da ƙofarta ta ce 35 ba za ta yi magana ba sai iska ta sauka zuwa wajen 26. Idan sabuwar tayar LT tana buƙatar 47, to fitilar za ta yi shiru har sai tayar ta rasa kusan rabin iskarta. A wasu motoci ana iya sake saita wannan iyaka da kwamfutar gyara, kuma ya dace a yi. Inda ba zai yiwu ba, geji ne kaɗai abin dogaro. Ido ba ya wadatarwa, domin tayar LT mai taurin gefe tana iya rasa PSI 10 ba tare da ta nuna alama ba.

Game da shan mai, bambancin yana nan amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk ragin PSI 1 a matsakaicin iskar tayoyi huɗu yana ƙara shan mai da kimanin kashi 0.2 cikin 100. Nauyin tayar AT da girman haƙoranta sun fi wannan tasiri, don haka cika ta fiye da kima domin tsimin mai ciniki ne marar riba.

Sai batun mota babu kaya da mota cike, wanda ya fi shafar a-kori-kura fiye da kowace irin mota. Idan bayanta babu komai, fiye da rabin nauyinta yana gaba ne inda inji yake, bayan kuma sakayau. Idan aka loda ta ko aka ɗaura mata tirela, sai al'amarin ya juye. Zaɓi biyu ne a nan. Mutum yana iya barin iskar lodi a baya koyaushe, ya haƙura da tsallen da motar za ta riƙa yi da kuma yadda bayanta ke zamewa a hanya mai gargada, a madadin haka ba zai taɓa samun kansa da kaya a kan taya mai ƙarancin iska ba. Ko kuma ya riƙa ragewa idan ya sauke kaya yana ƙarawa idan zai ɗauka, ya sami tafiya mai laushi da taya mai cinyewa daidai, amma da sharaɗin ba zai manta ba ko sau ɗaya. Wanda ke ɗaukar kaya sau da yawa a mako, ko wanda direbobi daban-daban ke tuƙa motarsa, zaɓin farko ya fi masa, domin mantuwa ɗaya a zaɓi na biyu ta fi duk wahalar na farko tsada. Wanda kuwa sai jefi-jefi yake lodi, kuma shi kaɗai ke riƙe da motar, na biyu ya fi dacewa da shi.

Mutane da yawa suna yabon gwajin alli, kuma yana da amfaninsa. Ana zana layi mai kauri da alli a faɗin haƙoran taya daga gefe zuwa gefe, a tuƙa motar a miƙe a kan daɓe ko kwalta mai santsi na 'yan mitoci, sannan a duba. Idan allin tsakiya ne kaɗai ya goge, iska ta yi yawa. Idan na gefuna ya goge na tsakiya ya rage, ta yi kaɗan. Gwajin yana taimakawa musamman ga wanda ya ɗaura tayoyi manya fiye da na asali, domin babbar taya tana ɗauke da iska mai yawa a cikinta kuma tana iya ɗaukar nauyi ɗaya da matsin da bai kai na ƙarama ba. Amma alli yana nuna siffar taɓa ƙasa ne kawai, bai san komai game da zafi ko nauyi ba, kuma faɗin rim yana iya ruɗa shi. Idan ya ce a sauka ƙasa da abin da jadawali ya yarda, jadawali ake bi.

Duk abin da ya gabata na kwalta ne. Da zarar an sauka daga kanta, lissafin ya canza, domin a can gudu kaɗan ne, zafi bai cika taruwa ba, abin da ake nema kuma shi ne taya ta shimfiɗu. Rage iska yana ƙara tsawon sashen da ke taɓa ƙasa fiye da yadda yake ƙara faɗinsa, sai nauyin motar ya bazu, ta riƙa bi ta saman yashi maimakon ta haƙa rami ta zauna. Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa, amma abin da masu shiga irin waɗannan wurare suka saba yi da matsakaiciyar a-kori-kura shi ne su sauka zuwa wajen 26 zuwa 30 a burji da tsakuwa, wajen 20 zuwa 25 a laka da duwatsu, da kuma 15 zuwa 20 a yashi mai laushi. A burji ribar ita ce raguwar girgiza da raguwar hudawar tsakuwa. A duwatsu taya takan naɗe dutse ta kama shi, sai dai motar tana ɗan sauka ƙasa, gefen tayar kuma yana fitowa inda kaifin dutse zai same shi. Laka ce mai wuyar sha'ani: idan mai zurfi ce marar ƙasa mai tauri, shimfiɗuwa ake so, idan kuwa siririya ce a kan ƙasa mai ƙarfi, gara taya ta ratsa ta ta kama abin da ke ƙarƙashi, don haka ba a rage iska sosai.

Ajin tayar yana da tasiri a nan ma. Tayar LT ajin E ba ta shimfiɗuwa da wuri saboda taurin gefenta, sai an sauke ta ƙasa da yadda za a sauke ajin C kafin a ga bambanci, amma ta fi jure yanka. Tayar P tana shimfiɗuwa da sauƙi, gefenta kuma ba shi da kaurin da zai kare ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin ajin C ko D ya fi dacewa da ƙaramar a-kori-kura da ba ta ɗaukar kaya masu nauyi, ajin E kuma a bar wa manya da masu jan tirela. Girman rim ma yana shiga lissafi, domin taya mai gajeren gefe a kan rim na inci 20 ba ta da sararin lanƙwasa kamar wadda ke kan inci 16 ko 17, kuma idan aka rage mata iska sosai dutse zai daki rim ɗin kai tsaye.

Ƙasa da PSI 15 haɗarin ya zama na daban. Matsin iska ne ke manne bakin taya da rim, idan ya yi rauni kuma aka juya sitiyari da ƙarfi, bakin yakan zame, iskar ta fita gaba ɗaya a lokaci guda. Akwai rim na musamman mai zobe da kusoshi da ke danne bakin tayar domin hana wannan, amma ba kowace ƙasa ce ta yarda a hau titi da shi ba. Mota mai kaya kuma ba a sauke mata iska kamar marar kaya. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne na dawowa: wanda ba shi da injin busa iska mai aiki da batirin mota, ko wata tabbatacciyar hanyar mayar da iska kafin ya hau kwalta, bai kamata ya rage da yawa ba tun farko, domin 'yan kilomitoci na gudu a kan PSI 18 sun isa su lalata taya daga ciki.

Saura batun lokacin awo, wanda ke iya rushe duk lissafin da aka yi. Iska tana ƙaruwa da zafi, tana raguwa da sanyi, kimanin PSI 1 a kowane digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Salshiyos a taya mai iska 35, kusan ninki biyu kuma a mai 80. Bayan doguwar tafiya geji yana iya nuna ƙarin 4 zuwa 6, kuma wannan ƙarin an riga an sa shi a lissafin masu ƙera taya, saboda haka ba a sauke shi. Wanda ya rage iskar taya mai zafi zuwa lambar ƙofa zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska. Idan dole ne a ƙara iska ana tsakiyar tafiya, sai a sa kimanin 4 sama da lambar da ake nufi, a sake aunawa da safe. Mota da ta kwana gefe ɗaya a rana gefe ɗaya a inuwa ma takan ba da lambobi mabambanta. Ko babu huji, taya tana rasa kimanin PSI 1 a wata ta jikin robar, shi ya sa awo sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya ya zama ƙa'ida. Cika taya da naitirojin yana ɗan rage wannan yoyon, amma da yake kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, bambancin bai kai ya ɗauke wa kowa awo ba, kuma lambar da ake sawa ba ta canzawa.

Wanda ya sauya daga P zuwa LT, bayan ya fitar da sababbin lambobinsa na gaba da baya, na babu kaya da na lodi, ya kamata ya rubuta su a takarda ya manna kusa da ta kamfani, domin mai gyaran da zai duba motar nan gaba lambar ƙofa zai bi, ya mayar da iskar tayoyin zuwa 35 da kyakkyawar niyya. A takardar a haɗa da safaya, wadda ke rataye a ƙarƙashin bodi inda ba a ganinta, kuma a cika ta zuwa mafi girman lambar da ake amfani da ita a motar, tunda a bakin hanya rage iska da ɗan tsinke ya fi neman inda za a ƙara sauƙi.